Kwana Ɗaya a Kan Dutsen Kufena

Daga Kwangila muka tashi bayan la'asar, mu huɗu, cikin tsakiyar hunturu, muka bi ta Wusasa, inda mishan ɗin Dakta Miller ya kafa zango a 1929. Magariba ta riske mu a ƙirjin Dutsen Kufena. Nan muka kwana kan fā, sanyi na ratsa bargo, hazo ya shafe fitilun Zariya.

Abin da ya kai ni gardama ce ta tarihi. Jerin sarakunan Zazzau ya sa sarautar Bakwa Turunku a wajen 1536, ana kuma cewa Amina 'yarsa ce, ko 'yarta, don har jinsin Bakwa ana jayayya a kai. Amma Tarihin Kano ya ambaci yaƙe-yaƙen Amina a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438. Shekara ɗari ke tsakani. Na zaci dutsen zai raba gardamar. Wauta ce ta ɗalibi.

Da asuba muka ɓace wa hanyar da muka hau. Muka ɗaura igiya a gindin wata bishiya, muka sulalo ɗaya bayan ɗaya, tafin hannuna ya saɓule. A ƙasa, cikin ƙaya, muka ci karo da tudun jar ƙasa mai tsawo: ragowar ganuwar da ta kewaye Kufena. Ba ta faɗa mini shekararta ba. Wani manomi dai ya riga ya ja kunyoyinsa har bisa kanta, karan dawarsa na tsaye.