Fadamar Kabi da Tarihin Ambaliyarta

Fadamar Kabi shimfiɗaɗɗen kwari ne da Gulbin Rima ya ratsa bayan ya haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato. Daga nan ruwan yake gangarowa kudu maso yamma, ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi da Kalgo da Bunza, ya kwashi Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, sannan ya faɗa Kogin Kwara. Ƙasar ta kasu biyu. Akwai tudu mai jigawa, inda garuruwa irin su Gwandu da Masama suke noman gero da dawa da wake, akwai kuma fadama mai baƙar laka, wadda shinkafa da kifi suka riƙe tun kaka da kakanni.

A da, cikowar gulbi ba musiba ba ce. Ruwa yakan taso sannu a hankali daga tsakiyar damina, ya malale fadama, ya janye da kaka ya bar sabuwar laka. Manoma suna shuka shinkafar gargajiya ta Afirka kafin ruwan ya iso, ita kuwa tana tsawo gwargwadon hawansa, kanta a sama kullum, har wani lokaci a yanke ta daga cikin kwalekwale. Idan ruwa ya ja baya, masunta su shiga tafkunan da ya bari da homa da gora, Fulani kuma su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawar rani.

Wannan ruwa shi ne ganuwar Kabi. A farkon ƙarni na 16 Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Sanwai, ya gina Surame, fadama da jiragen ruwa suka tsare masa ƙasa daga mahaya dawaki. A 1805 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi, jama'ar Shehu ɗan Fodiyo ta zauna Gwandu, wadda daga baya ta zama hedikwatar yammacin daular Sakkwato. Duk da haka Kabawa ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye, kuma Argungu, da fadama a bayanta, ta gagari Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa. Bikin kamun kifi na Matan Fada a Argungu da aka fara a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, alamar sulhun ɓangarorin biyu ne.

Canjin farko ya zo ta hanyar fari. Ƙarancin ruwan sama na 1972 zuwa 1974 ya sa gwamnati ta karkata ga tare ruwa, sannan wani farin ya biyo baya daga 1983 zuwa 1985. An kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima a 1984. Cikowar shekara-shekara ta ragu, fadamomi da dama na ƙasan Bakolori suka daina samun ruwan da suka saba, kifi ya yi ƙaranci. Mutane kuma suka saki jiki, suka yi gidaje da gonaki a inda iyayensu suka san hanyar ruwa ce. A watan Satumba na 2010 wani ɓangare na madatsar Goronyo ya ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ambaliya ta cinye ƙauyuka daga Sakkwato har cikin Kebbi.

Damina ta dawo tun shekarun 1990, amma da wani hali daban. Binciken da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun 1982, kuma ya danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara. Ruwan da a da yake sauka cikin makonni yanzu yana iya sauka a dare ɗaya. Tudun da aka sare itatuwansa ba ya shanye shi, sai ya kwararo da yashi, ya haƙa kwazazzabai, ya cike cikin gulbi. A garuruwan tudu, gidajen ƙasa da rumbuna ne suke jiƙa su zube. A fadama kuwa gona ce take nutsewa.

Ɓarnar ta fi tsanani saboda dukiyar da aka zuba a fadamar. A Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, aka buɗe kamfanonin casar shinkafa, jihar Kebbi ta zama kan gaba a noman shinkafa. Sai dai irin zamani da aka rungumi shukawa gajere ne, yana ba da buhu da yawa amma kwana kaɗan a ƙarƙashin ruwa ya ishe shi ruɓewa. A damina ta 2020, shekarar da Kwara ya yi cikar da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, hukumomin Kebbi sun ƙiyasta cewa kimanin hekta 450,000 na shinkafa sun nutse. Manomi ya rasa amfani, bashin iri da taki kuma yana wuyansa, abin da ya fi asarar kanta ciwo.

Bangaladash, wadda ke zaune a bakin kogunan Ganjis da Barahmaputra, ta sha irin wannan. Ambaliyar 1998 ta rufe kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar. Ta mayar da ƙarfinta ga shinkafar rani, wadda a yau ta fi rabin abin da take girbewa, ta kuma fitar da iri mai jure nutsewa na kusan mako biyu. Nijeriya ta amince da makamantansa, FARO 66 da FARO 67, a 2017. Manoman Kebbi ma sun ƙara dogaro da noman rani, da rijiyar tuka-tuka da injin ban ruwa, domin gulbi ba ya barazana tsakanin Janairu da Mayu. Cikas ɗinsa shi ne man injin, wanda tsadarsa ta ninka bayan cire tallafin fetur a Mayu 2023, dalilin da ya sa masu hali suke komawa ga famfo mai aiki da hasken rana.