Matamai da Ƙasar Kance: Tsakanin Gyaɗa, Gawo da Hanyar Hamada

Wanda ya baro Damagaram ya nufi yamma, idan ya iso Takieta ya karya kudu, ya ratsa Kance, zai tarar da kansa a Matamai, gari mai kasuwa da hada-hada, wanda ba shi da teku ba shi da babban kogi, amma Allah Ya ajiye shi a bakin hanyar da ta haɗa Damagaram da Daura da Kano, har ya zamana iyakar Ɗan Barto ta tsaya wa mutanensa matsayin da gaɓar teku ke tsaya wa waɗansu al'ummai, ta nan arziki ke shiga, ta nan kuma yake fita.

Asalin wannan ƙasa, bisa ga abin da ma'abota tarihi suka tabbatar, yana jingine da Daura. Sa'ad da Malam Isiyaku ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ci Daura a wajen 1805, Sarkin Gwari Abdu ya yi ƙaura da jama'arsa zuwa arewa, zuriyarsa kuma suka daɗe suna kai da kawowa a wannan yanki kafin su tabbata a Zango da Ɓaure. Ba a jima ba daular Damagaram ta bunƙasa, musamman a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya gina ganuwar birni, ya tanadi bindigogi da igwa, ya shimfiɗa ikonsa kudu har Kance ta shiga cikin masu kai masa gaisuwa da haraji, kafin rasuwarsa a 1884. Faransawa suka ci Damagaram a 1899, sa'an nan su da Ingilishi suka zauna a ƙasashensu, a 1904 da 1906, suka ja layi a takarda, wanda ya bar wa a Nijeriya, ƙane a Nijar, alhali kuwa harshe ɗaya ne, alƙibla ɗaya, makabartar kakanni ma ɗaya.

Ƙasar kanta jigawa ce ta rairayi, wadda ta fi dacewa da gero da wake, sai dai a tsakanin tuddanta akwai kwaruruka da fadamu na Ƙorama, inda ruwa ke kusa ainun, har mutum ya haƙa kaɗan ya same shi. A nan ake noman rake da rogo da kayan lambu, kuma wanda ya taɓa ganin kasuwar Matamai a lokacin hunturu, ya ga rake jingine dami-dami ana loda shi a motoci, ya san cewa fadamar nan ita ce rumbu na biyu ga talakan ƙasar.

Amma abin da ya ɗaukaka sunan Matamai a zamanin Nasara shi ne gyaɗa. Da yake hukuma ta wajabta a biya lanho, wato haraji, da tsabar kuɗi, jirgin ƙasa kuma ya riga ya iso Kano tun 1911, manomi bai ga wata mafita ba face ya shuka abin da kamfanonin Turawa ke saye, a auna, a ɗura a buhu, a bi da shi ta Kano zuwa bakin teku a Ikko. Bayan samun mulkin kai gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA a 1962 domin ya riƙe cinikin, akwai kuma masana'antar matse man gyaɗa a Matamai kanta, a shekarun da gyaɗa ke samar wa Nijar fiye da rabin abin da take samu daga sayar da kaya waje. Dattawa har yau suna ambaton wannan zamani da shauƙi, ko da yake, a ganina, sun kan manta cewa gonar da aka ba gyaɗa an ƙwace ta ne daga gero. Fari na 1973 da 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, yuraniyom na Arlit ya ɗauke hankalin hukuma, sai al'amarin ya durƙushe, bai sake miƙewa kamar da ba.

Jama'a kuwa ba ta daina ƙaruwa ba. Ƙidayar 2012 ta sami kusan mutum dubu 400 a gundumar Kance, wadda Matamai ce hedikwatarta, a ƙasa ƙanƙanuwa da gado ke ta rarraba gonakinta har wani magidanci ba ya noma abin da zai kai iyalinsa rabin shekara. Wannan matsi ne ya sa manoma, tun daga shekarun 1980, suka koma kiyaye 'ya'yan gawo da ke tsirowa a gona maimakon sare su, saboda gawo yana zubar da ganyensa da damina, ba ya tare wa shuka rana, yana kuma zama taki ga ƙasa, yana ciyar da dabba da rani. Har masana daga ƙasashe masu nisa suka riƙa zuwa Matamai da Magarya da Mirya domin su ga yadda talaka ya mayar da itatuwa ba tare da ya dasa ba.

Shi ne kuma matsin da ya buɗe wata hanya mai ɗaci, wato tafiyar mata da yara zuwa Aljeriya neman abin sakawa a baki, mafi yawa ta hanyar bara da aikatau. A watan Oktoba na 2013 motoci suka lalace da wasu matafiya a hamada, arewa da Arlit, ƙishirwa ta kashe mutum 92, Allah Ya jiƙansu. Galibinsu mata ne da ƙananan yara, kuma mafi yawansu daga ƙasar Kance suka fito.