Gammon Mulki: Aure da Aikin Gida a Shirin Borgen

A kashin farko na Borgen, shirin siyasa mai dogon zango da gidan talabijin na DR na ƙasar Denmak ya fara nunawa a 2010, ana saura kwanaki kaɗan a yi zaɓe. Birgitte Nyborg, shugabar wata ƙaramar jam'iyya mai matsakaicin ra'ayi, tana shirin zuwa muhawarar ƙarshe, sai ta tarar kayan da aka tanadar mata sun matse ta. A gida kuwa mijinta Phillip ne ke riƙe da komai: shi ke girki, shi ke kula da 'ya'yansu biyu, Laura da Magnus, shi ke kwantar mata da hankali. Da ta tsaya gaban kyamara sai ta ajiye jawabin da aka rubuta mata, ta faɗa wa 'yan ƙasa gaskiya har da zancen ƙibar da ta yi. Wannan daren ne ya share mata hanyar zama firayim minista mace ta farko a ƙasar, a cikin labarin. A zahiri kuwa sai a watan Oktoban 2011 Helle Thorning-Schmidt ta hau wannan kujera, shekara guda bayan mutanen Denmak sun riga sun saba ganin mace a kanta a talabijin.

Masu kallo da dama sun fahimci shirin a kan cewa mulki ne ya kashe wa Birgitte aure, wato mace ba za ta haɗa taura biyu a baki ba. Ina ganin wannan karatu ya tsaya a bakin ƙofa. Abin da marubucin shirin, Adam Price, da abokan rubutunsa suka bankaɗo, da saninsu ko ba da saninsu ba, shi ne cewa kujerar mulki kaya ce da aka ɗaure ta bisa tsammanin akwai gammo a ƙarƙashinta, wato wani mutum a gida da ya sallama lokacinsa da burinsa domin mai ɗaukar kayan ya iya tafiya. Tun fil azal mace ce wannan gammo, shi ya sa ba a ganinta. Borgen ya sa namiji a wurin, nan take kowa ya ga irin dannuwar da gammo ke sha.

Mu fara da yarjejeniyar da ke tsakanin ma'auratan. Sun shirya cewa kowa zai samu shekara biyar yana bin aikinsa, ɗayan yana riƙe da gida. Phillip ƙwararre ne a harkar kasuwanci, amma ya koma koyarwa a babbar makarantar kasuwanci ta Kopenhagen domin ya samu sararin yara. Daidai lokacin da nasa zagayen ya kusa, sai nasara ta zo wa matarsa. Bai yi ƙorafi ba da farko, shi ne ma ya ƙarfafa mata gwiwa ta nemi kujerar da ƙarfinta lokacin da ake cinikin kafa gwamnatin haɗaka. Wannan batu yana da muhimmanci, domin marubutan ba su ba mu mugun miji mai baƙin ciki da ɗaukakar matarsa ba. Da sun yi haka, da mai kallo ya ɗora laifin a kan halin mutum ɗaya ya huta. Sun ba mu mutumin kirki, suka bar tsarin aikin ya cinye shi a hankali.

Yadda ya cinye shi ɗin ne abin nazari. Ba rana ɗaya aka yi ba. Waya ce ke ringin ana tsakiyar cin abinci. Alkawari ne ake yi wa yaro a saɓa. Magnus ya fara fitsari a wando, uwar ba ta nan. Har ta kai ana tsara wa miji da mata lokacin keɓewarsu kamar yadda ake tsara ganawa da jakada. Sai kuma babban bugu: Phillip ya samu shugabancin wani kamfanin kayan lantarki, aikin da ya daɗe yana jira, sai aka gano kamfanin na da alaƙa da kwangilar jiragen yaƙi da gwamnatin matarsa za ta saya. Birgitte ta sa shi ya ajiye aikin domin kada a zarge ta da son kai. A ma'aunin amanar jama'a abin da ta yi daidai ne, ba ni da ja. Sai dai yadda ta yi shi, umarni ne na shugaba ga na ƙasa da ita, ba shawara tsakanin mata da miji ba. Daga nan Phillip ya fara neman wata a waje, kafin zango na farko ya ƙare kuma ya nemi a rabu, jim kaɗan bayan sun zauna gaban kyamara suna nuna wa ƙasa cewa gidansu lafiya lau.

Tambayar da ya kamata a yi ita ce, mata nawa aka sa suka ajiye aiki, ko karatu, ko sana'a, saboda kujerar miji, ba wanda ya ga labari a ciki? Shirin da kansa ya ba da amsa tun a kashin farko, ko da yake masu kallo kan wuce ta da sauri. Firayim ministan da Birgitte ta gada, Lars Hesselboe, yana da mata wadda kaɗaici da damuwa suka yi wa illa. A wata tafiya zuwa Landan ta rikice a kantin kayan ƙawa, shi kuma domin ya kashe wutar ya biya kuɗin da katin gwamnati. Rasiɗin nan ne ya kayar da shi. Amma labarin bai bi matar ba. An nuna ta a matsayin matsalar da ta faɗo wa mijinta, alhali ita ma gammo ce da ta yi shekaru tana dannuwa har ta yage. Phillip ya samu kashi goma ana bin ciwonsa dalla-dalla, yana da bakin faɗa, yana da ƙofar fita. Ita kuwa 'yan mintoci ta samu. Wannan rashin daidaito a rabon lokacin kyamara shi kansa hujja ne a kan abin da al'umma ke ɗauka asara da abin da take ɗauka al'ada.

A zango na biyu, wanda aka nuna a 2011, nauyin ya sauka a kan 'ya. Laura ta kamu da ciwon firgici da damuwa, har aka kwantar da ita a asibitin kuɗi, a daidai lokacin da gwamnatin uwarta ke ƙoƙarin rage fifikon da asibitocin kuɗi ke samu. Jaridar Ekspres, wadda tsohon abokin hamayyarta Michael Laugesen ke jagoranta, ta sa yarinyar a gaba da masu ɗaukar hoto. Birgitte ta ɗauki hutu daga ofis domin ta zauna da 'yarta, nan da nan muhawarar ƙasa ta koma kan ko mace ta dace da shugabanci. Wannan a ƙasar da mata suka samu 'yancin zaɓe tun 1915, suka shiga majalisa a 1918, Nina Bang kuma ta zama ministar ilimi a 1924. Tarko ne mai baki biyu, kuma shirin ya nuna shi da kyau: in ta zauna a ofis, uwa ce marar tausayi, in ta koma gida, shugaba ce marar ƙarfi. Uban yarinyar yana nan da ransa da lafiyarsa, amma ba wanda ya auna cancantarsa a wurin aiki da ciwon 'yarsa.

Akwai abin da idon Bahaushe zai gani a nan wanda mai kallo a Kopenhagen zai iya wucewa. Gidan Nyborg mutum huɗu ne rak. Babu kaka a ɗakin baya, babu gwaggo da za ta zo ta yi wata biyu, babu ƙanwar uwa da za a ce ta riƙe yara. Da mahaifin Birgitte ya zo ya kwana biyu, zamansa ƙarin takura ya zama ga Phillip. Mutum zai iya cewa ai da a Kano ne ko Damagaram, da dangi sun rufa asiri, auren bai mutu ba. Wataƙila haka ne, kuma ba na raina wannan ni'ima ta zumunci. Amma in muka duba su wane ne dangin da ke zuwa su riƙe gidan, za mu ga mata ne: inna, yaya, ƙanwa, 'yar riƙo, 'yar aiki. Kayan bai ragu ba, an dai raba shi ga kawunan mata da yawa, wasunsu ma ba a tambaye su ba. Borgen ma ya taɓo wannan a zango na uku, a 2013, inda 'yar jarida Katrine Fønsmark ta rabu da Kasper Juul, tsohon mai ba Birgitte shawara kan hulɗa da 'yan jarida, bayan sun haifi ɗa, mahaifiyarta ce ta zo tana riƙe mata yaron domin ta iya aiki, tare da gorin da ke biyo bayan irin wannan taimako. A namu shirin Kwana Casa'in na tashar Arewa24, wanda ya fara a 2019, namiji ne a kujerar gwamnan Alfawa, kuma tambayar wa ke riƙe da gida ba ta ma tasowa, domin an riga an san amsarta.

Kasper Juul ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin ta wurinsa shirin ya nuna cewa gida na bin namiji zuwa ofis kamar yadda yake bin mace. Gwanin sarrafa labari ne, mai iya juya baƙi ya zama fari, amma wannan gwaninta ta ɓoye gaskiya ta samo asali ne daga cin zarafin da mahaifinsa ya yi masa yana yaro, abin da ya sa har sunansa ya canza. Bambancin kawai shi ne, raunin Kasper sirrinsa ne, shi ke zaɓar wanda zai faɗa wa. Raunin Birgitte kuwa a shafin farko na jarida yake kwana.

Inda nake da ja da shirin shi ne zango na huɗu, wanda DR da Netflix suka fitar a 2022 mai kashi takwas. Birgitte ta zama ministar harkokin waje a ƙarƙashin wata firayim minista mace, Signe Kragh, an kuma gano mai a Girinlan. Yara sun girma, babu miji, gida shiru, jikinta na fama da sauye-sauyen ɗaukewar al'ada. Tana da dukkan lokacinta, sai marubutan suka mayar da ita mai son mulki ido rufe, har ta juya wa aƙidarta ta kare muhalli baya, ta kuma yi sa-in-sa da ɗanta Magnus a bainar jama'a. Sidse Babett Knudsen ta taka rawar Birgitte da ƙwarewa ƙwarai, kuma na yarda mulki na iya busar da zuciyar kowa. Amma tsarin labarin ya jingina bushewar zuciyarta da rashin iyali a kusa, kamar dai miji da 'ya'ya ne linzamin da ke riƙe lamirin mace, in aka cire shi sai ta ɓace. Ba a yi wa Hesselboe ko Laugesen wannan lissafi ba. Su an bar su da halinsu a matsayin 'yan siyasa kawai. Shirin da ya fara da tona asirin ma'auni biyu ya ƙare yana awo da ɗayansu.

Duk da haka, akwai wurin da zangon farko ya riga ya faɗi abin da ya fi wannan daidai. Bent Sejrø, dattijon da ya rene ta a siyasa, shi ne ya hau da ita saman hasumiyar fadar Christiansborg ya nuna mata birnin, ya koya mata cewa mulki ba ya jiran mai jin kunya. Shi ma yana da mata a gida da ta sha haƙuri da shi. A ƙarshen zangon Birgitte ta sauke shi daga kujerar ministan kuɗi saboda lissafin siyasa, a daidai kwanakin da Phillip ke tattara kayansa. Mutum biyun da suka tallafe ta ta hau, na ofis da na gida, a kashi ɗaya ta rasa su, a kashin ne kuma ta shiga majalisa ta gabatar da jawabin buɗe zama wanda kowa ya yaba.