Gaggafa: tsuntsuwar da ke ƙara wuyar gani

Gaggafa na cikin manyan tsuntsaye masu farauta na dazuzzukan arewacin Nijeriya, ciki har da na kewayen tafkin Kainji, wanda ruwansa ya kai har ƙasar Yawuri.

Ana gane ta da baƙin jiki, da jar fuska, da jajayen ƙafafu. Wutsiyarta gajera ce ƙwarai, har ƙafafun babbar gaggafa kan zarce ta yayin shawagi.

Ƙwai ɗaya tak take yi, a kwanta a kansa kimanin kwana 55, sannan ɗan ya shafe shekara bakwai zuwa takwas kafin ya riƙa. Saboda haka duk babbar da aka rasa, maye gurbinta abu ne mai wuya.

Baya ga farauta, tana cin mushe, kuma nan hatsarin yake, domin gubar da ake barbaɗa wa gawar dabba kan hallaka ta tare da ungulaye. Ga kuma sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai, da cinikin sassan jikinta don haɗa magani.

A shekarar 2020 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya gaggafa cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar barazanar ƙarewa.