Aron Kiɗa da Bin Salsalarsa

Tun daga shekarun 1980 mawaƙan Amurka suke yanko guntun kiɗa daga tsohon faifai da na'ura, su gina sabuwar waƙa a kansa. Alal misali, kiɗan ganga na daƙiƙa shida da ƙungiyar The Winstons ta yi a 1969 ya shiga dubban waƙoƙi, amma makaɗin, Gregory Coleman, ya rasu a 2006 bai ci ko kwabo daga wannan aro ba. Masu sha'awar tono asalin kiɗa su ne suka raya sunansa.

Na'urar ce sabuwa ga Bahaushe, aron kuwa daɗaɗɗe ne. Malamai sun gaji tahamisi daga Larabawa, watau sha'iri ya ɗauki baitin wani ya ƙara masa ɗango uku, kamar yadda Ibn Mahib ya yi wa Ishiriniyar Alfazazi. Aliyu Namangi na Zariya ya ɗora Imfiraji a kan karin kiɗan caji, ya mai da muryar dandali ta zama ta wa'azi. Haka kuma masu bandiri na Ushaƙu Indiya a Kano suka ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya suka yabi Manzon Allah da shi.

Abin lura shi ne, mai tahamisi yakan bayyana wanda ya ara daga gare shi, domin ilmin malamai bisa isnadi yake tafiya. Waƙar baka ba ta sami wannan gata ba. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, mazaunin Funtuwa, wanda ya rasu a 1999, a dandali ya fara waƙa. Faifai da rediyo sun adana muryarsa, amma ba su adana ta makaɗan gayya da 'yan matan gaɗa na Kafur da Malumfashi ba, alhali irin wannan rumbu ne mawaƙan karkara suke ɗiba.

Daɗin bin salsala a fili yake: wanda ya gane tsohon kari cikin sabuwar waƙa, ya ji waƙa biyu ke nan a lokaci guda. Amma bayan daɗi akwai hakki. Aron da aka ambaci mai shi girmamawa ne, wanda aka ɓoye kuwa ya kusa zama sata. Saboda haka ya wajaba ɗalibai da jami'an al'adu su shiga ƙauyuka su ɗauki muryoyin tsofaffi, su rubuta suna da gari da shekara, tun kafin ƙasa ta rufe idon masu abin.