Daga lalle zuwa fulawa: tarihin shuke-shuken tsakar gidanmu

A 'yan shekarun nan da yawa daga cikinmu sun bar gidajen haya na Sabo sun yi gini a Ojo da Moniya da sauran gefen Ibadan. Abin da muke gani a yawancin sababbin gidajen iri ɗaya ne: ana gama katanga sai a malale tsakar gida da siminti ko intalok tun daga bakin get har bayan gida, ba a bar ko taku ɗaya na ƙasa ba. In aka yi zancen shuka sai a ce fulawa ta 'yan boko ce, mu ba mu gaje ta ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa muka ga ya dace mu bi asalinta.

Ba mu kaɗai muke faɗarta ba. Wani masani ɗan Ingila, Jack Goody, wanda ya daɗe yana bincike a arewacin Gana, ya fitar da littafi a 1993 a kan al'adar furanni a duniya. A ciki ya nuna cewa a yawancin Afirka ta kudu da Sahara ba a saba shuka fure don ado kawai ba, ba kamar Indiya ko Sin ko ƙasar Farisa ba. Ko a bakinmu akwai shaida. Muna da kalmar "fure", amma furen itace ne ko na wake ko na auduga, wato alamar 'ya'ya na tafe. Wanda ake dasawa don a kalla kuwa sai da muka aro masa suna daga Turanci, muka ce fulawa, mai kula da shi muka ce gadina.

Sai dai rashin shuka don kallo bai sa tsakar gidan Bahaushe ta zama fako ba. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, cikin abin da ya rubuta har da gidaje masu inuwar alilliba da gwanda da dabino. Alilliba kuwa in ta yi fure fari fat take zama, ƙudan zuma su yi ta kai-kawo a kanta. Wanda ya tashi a ƙauye ya san sauran. Akwai zogale a jikin danga, da soso mai furen rawaya yana nannaɗe da darni, da duma da kabewa a kan rufin ɗaki, da yakuwa da rama a bayan ɗaki, da ɗoɗɗoya kusa da rariya saboda sauro. Kowanne da aikinsa a tukunya ko a magani, kuma kowanne yana fure. Galibi mata ne ke kula da su, da ruwan wanke-wanke da na alwala, ba tare da wani ya kira wurin lambu ba.

A cikinsu duka lalle ne ya fi kusa da abin da ake kira fulawa a yau. Ganyen ake nema don ƙunshi, amma furensa ƙanana ne farare masu ƙamshi, da yamma sai gida ya ɗauka. Tsofaffinmu mata sun san wannan ƙamshi sarai. Lalle bai tsaya a Arewa ba, domin Yarbawa ma "laali" suke ce masa. Haka zoborodo, ɗan uwan jar fulawar nan da ake dasawa a ƙofar ofisoshi, ya zama "zobo" a duk faɗin Kudu. Dogon yaro ma haka. Asalinsa daga Indiya ne, an fara dasa shi a lardin Borno a 1928, amma da sunan Hausa ya iso nan, har gobe "dongoyaro" ake kiransa a kasuwannin Ibadan.

Ita fulawar ado da Turawa ta zo, kuma ta bakin teku ta shigo. A 1887, zamanin Gwamna Moloney, aka buɗe lambun gwajin tsirrai a Ebute Metta ta Legas, aka ɗauko mai kula da shi daga Jamaika. Babban nufin shi ne amfanin gona na sayarwa irin su koko da kofi da roba, amma irin waɗannan lambuna sun raba har da itatuwan ado. Yawancin abin da muke gani yau a bakin titi baƙi ne. Bogenbiliya, mai ƙaya da launi kamar takarda, daga Brazil take. Itacen nan mai jan fure da ke cika tsofaffin barikoki kafin damina daga Madagaska yake. Jar fulawar da muka ambata kuwa daga Asiya.

Dalilin da ya sa muke ganinta kamar ba tamu ba yana cikin yadda aka tsara garuruwa. Dokar birane ta 1917, zamanin Lugga, ta ware unguwar Turawa daban, ta kuma ce a bar fili na yadi 440 babu gini tsakaninta da unguwannin 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da cuta. A can ciki kowane gida da makeken fili da ciyawa da shingen fulawa. Su ne unguwannin da daga baya aka kira GRA, irin su Ikoyi a Legas, da Agodi da Jericho a nan Ibadan. Ɗan ƙasa yana shiga ne a matsayin kuku ko boyi ko gadina ko mai gadi.

Sabo kuwa an kafa ta a 1916, kuma ciniki ne ya gina ta. Mai gida yana buƙatar ɗakuna don saukar fataken goro da shanu, da wurin ajiyar huhun goro. Duk ɗan filin da ya rage, ɗaki ake ƙarawa. Da haka tsakar gida ta tsuke, zogale da lalle suka koma cikin tsohon bokiti da gwangwanin fenti a bakin ƙofa, inda har yanzu wasu iyayenmu mata ke riƙe da su. Yaron da ya tashi a haka, fulawa a gidan Bature ya gan ta, ƙasa kuma bai gan ta a gidansu ba. Mu a ganinmu nan ne asalin simintin da muke malalawa yau, ba ƙasar Hausa ba.

Wani abin sha'awa, a wannan shekara ta 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. A ciki akwai takalmin zomo, ɗan tsiro mai ganye huɗu shimfiɗe a ƙasa da fure ruwan ɗorawa a tsakiya, yana fitowa da farkon damina. Shi ne furen ƙasa na Najeriya, wanda ke ƙarƙashin dawakan nan biyu a tambarin gwamnati, ko da yake masu zane sukan yi shi ja. Mun tambayi yaran makarantar Islamiyya, babu wanda ya taɓa jin sunan.

Ga wanda bai riga ya zuba siminti ba, ƙasar nan ta fi ta gida sauƙin shuka, tunda ruwa yana sauka tun wajen Maris har Oktoba. Lalle da zogale da bogenbiliya duk reshe ake yankowa a kafa. Su ukun suna son rana, ba sa son ruwa ya kwanta a gindinsu, don haka a ɗaga musu kunya ko a gauraya ƙasar da yashi. Bogenbiliya ta fi yin launi da rani, kuma yawan ban ruwa ganye kawai yake sa ta. Dogon yaro a nisanta shi da katanga da shadda saboda saiwa. Wanda ya riga ya malale nasa, cire intalok layi biyu a jikin katanga ya ishi lalle uku. Mai neman reshe ya tuntuɓi ɓangaren mata na ƙungiya kafin ruwa ya zauna.