Yadda Tasha Ta Sauka a Sabon Garin Zariya

Mutumin unguwar Muchia da ya ce za shi tasha, ba lallai ya san bakinsa ya ɗauko Turanci ba. Kalmar ta narke cikin Hausa har ta yi jam'i irin na gida, tashoshi. Amma asalinta station ce ta Ingilishi, wadda su ma Turawan Ingila suka aro ta hannun Faransanci daga Latin, inda statio ke nufin tsayuwa ko wurin tsayawa. Sun daɗe suna kiran wurin da aka girke soja, da matsayin mutum cikin jama'a, da wannan suna, tun kafin jirgin ƙasa ya fara jigilar fasinja tsakanin Libaful da Mancesta a 1830 ya ba ta sabuwar ma'ana.

Da wannan ma'anar ta iso Zazzau. Layin dogon da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, Turawa kuwa suka kafa tashar a wajen ganuwa, hayin kogin Kubanni. Ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu suka yi matsuguni kewaye da ita, Sabon Gari ke nan. Daga nan ƙaramin layin Bauci ya nufi ma'adinan kuza na Jos, har aka rufe shi a 1957. Wani reshen ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanonin sayen auduga da gyaɗa suka jera kantuna a gefen dogo. Unguwar PZ har gobe sunan Paterson Zochonis take amsawa.

Harshen Hausa ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, sai ya yar da na farkon a station, ya datse wutsiyar. Abin da ya rage ya yi kama da tashi, kuma hakan ya dace, domin Bahaushe ya fi ganin wurin a matsayin inda ake tashi.

Bai karɓi dukkan ma'anonin ba. Na 'yan sanda ya ce caji ofis, na fetur ya ce gidan mai. Cibiyar binciken noma da aka buɗe a Samaru a 1922 ita ma station ce a bakin Turawa, amma ba wanda ya kira ta tasha. Rediyo da talabijin dai sun samu.

Wanda ya yi asara shi ne zango. A da can nan fatake ke sauke jakuna su kwana, kuma Zangon Shanu da ke Samaru shaida ne. Da motoci suka karɓi hanya, ƙauyukan bakin titi suka koma ɗaukar sabon suna, kamar Tashar Yari a hanyar Kano. Tasha ta haifi nata mutanen, 'yan kamasho da kwandastoci da masu dako, ta kuma haifi zagi: a ce da yaro ɗan tasha, ana nufin ba shi da tarbiyya. Wannan hukunci bai yi wa dubban magidanta da ke ciyar da iyali daga lodin mota a tashar Kwangila adalci ba.